Ƙyauren Goggo Tsanwa

A shekarar da sojojin da Turawa suka kai yaƙin Bama suka fara dawowa gida, suna sauka daga manyan motoci a Kankiya da jakunkuna a kafaɗa, a shekarar aka sa ranar aurena da mahaifiyarku. Abin da ya sa na keɓe wa shekarar babi guda shi ne wata magana da na ji jikata ta yi kwanakin baya. Tana ba ƙawarta labari, ta ce a gidanmu an yi wata tsohuwa da ake kira Goggo Tsanwa saboda son da take yi wa koren zane. Ban katse ta ba, don a gaban baƙuwa ne. Amma a iya sanina Goggo, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ɗaura koren zane ba. Ni na ja mata sunan nan, kuma ya kamata ku san yadda aka yi.

Sunanta Hajara, yayar mahaifina ce. Mijinta bafatake ne, ya rasu ba su da ɗa a raye, sai ta dawo gidanmu a Kusada aka ba ta ɗakin da ke fuskantar gabas. Ba ta zo da kaya masu yawa ba: tukwane, da mazarin kaɗi, da wani ƙyauren katako da mijin ya sayo a Kano ya ɗoro a kan jaki. A lokacin nan ɗakunan mata asabari ake rataya musu, ƙyauren katako sai gidan hakimi ko na attajiri. Ƙyauren ya fi ƙofar ɗakinta faɗi, saboda haka aka jingine shi a bayan ɗaki, kullum ana cewa in an yi kaka za a kira magini ya buɗa ƙofar. Kaka ta yi ta zuwa tana wucewa, gara ta fara cin gindinsa. Duk da haka takan zagaya ta kakkaɓe shi da tsintsiya. Ni kuwa ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifinta aka sa mini. Babana take ce mini tun ina goye.

Gidanmu gidan karatu ne, ba na sassaƙa ba. Amma tun ina yaro hannuna ba ya zama. Da gyaran alluna na fara, in wani ya tsage in ɗaure shi, in bakinsa ya karye in daidaita da gizago. Daga nan na yi wa Inna, mahaifiyata, kujerar zama gaban murhu, wadda ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, sai an sa mata tsinke. Mahaifina yana kallon abin kamar wasa, bai hana ba, bai yaba ba. In aka aike ni Kankiya nakan tsaya a bakin ma'aikatar En'e, wato hukumar gargajiya, in yi ta kallon kafintoci, in dawo ina ganin ai babu wani abu a ciki. Ana haka abokina Mamman ya dawo daga soja. Kafin ya wuce Kano neman aikin direba ya bar mini zarto da guduma, da ƙusoshi cikin gwangwanin taba, da rabin gwangwanin fenti kore irin wanda suke shafa wa motocinsu. Bai gaya mini yadda ake aiki da fentin ba, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Mahaifin mahaifiyarku a ma'aikatar En'e ɗin yake, shi ke duba gyaran gine-gine. Labari ya zo mini cewa a Kankiya an fara kai lefe cikin akwati, an bar kwandon kaba sai mutanen ƙauye. Maganar ta tsaya mini a rai. Na ga a raina ana sauke kwandonmu a tsakar gidansu, matan gari suna haɗa ido. Na duba duk Kusada ban ga katakon da zai yi akwati ba, sai ƙyauren Goggo. Na daɗe ina kewaya kafin na iya buɗe baki. Ranar da na durƙusa na faɗa mata tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba sai da ta naɗe zaren da ke hannunta.

"Babana, ɗauki. Amma aro ne, ba kyauta ba. Ranar da hannunka ya faɗa, ka maido mani ƙofata."

Na ce in Allah ya so ba za a daɗe ba.

A gindin tsamiyar bayan gida na yi aikin. Na zare tsofaffin ƙusoshi na miƙe su a kan dutse, na yanke wajen da gara ta ci. Zarto ya yi ta kauce mini, in ja layi da gawayi shi kuma ya bi inda ya ga dama, sai in biyo da gizago ina gyara. Na kankare katakon da fasasshiyar kwalba, na goge da yashi cikin tsumma har tafin hannuna ya sale. Maƙerin unguwarmu ya ƙera mini ƙarafa biyu da murfi zai juya a kansu. Akwati ya tsaya, murfin ya ɗan karkace, amma yana rufuwa. Sai dai tsohon katako ne, duk tabon ruwa da ramukan ƙusa, kowa ya gani ya san ƙyaure ne aka yanka. Na ce fenti zai rufe wannan.

Da na buɗe gwangwanin na tarar fentin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Ni abin da na sani tawada ce, in ta yi kauri a ƙara mata ruwa. Na zuba ruwa, ya tsaya a sama ya ƙi shiga. Na tsiyaye. Sai na tuna yadda Inna take shafa wa sabon akushi man gyaɗa ya yi sheƙi, na shiga madafa na ɗebo ludayi guda na zuba. Nan take ya karɓa. Na ƙara, ya ƙara laushi, na sake ƙarawa don ya ishe ni. Na ɗaure gashin wutsiyar doki a kan kara na yi burushi, na shafe akwatin waje da ciki da ƙarƙashi, na bari ya kwana biyu na sake bi. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya fito daga hannuna kamarsa ba. Na ajiye shi a inuwar zaure. Da safe in na taɓa sai in ji ɗan danƙo a yatsa, in ce haka tawada take yi in ƙaro ya yi yawa, zai saki. Inna ta wuce wata rana ta ce akwatin nan ƙanshin ƙuli-ƙuli yake yi. Muka yi dariya. Ban san man gyaɗa ba ya bushewa ba, kuma babu wanda ya sani a gidan.

Aka shirya kaya a ciki: atamfa, da akoko, da fatala, da takalmi, da sabulu da turare. Da aka gama sai Goggo ta fito da wani farin zane saƙar hannu ta shimfiɗa a kan kayan. Audugar da ta fara kaɗawa tun tana takaba ce, ta tara zaren ta aika Rimaye aka saƙa mata. Ta ce dama ta ajiye shi ne don matata.

Ango ba ya raka lefe, saboda haka abin da ya faru a Kankiya a bakin matan da suka je na ji, daga baya mahaifiyarku, wadda take leƙe ta bayan labule, ta cika mini sauran. Sun tashi bayan asuba, bazara ce, ana jiran ruwa. 'Yan mata sun ce a ba su su ɗauka, Goggo ta ƙi, ta ce akwatin Babanta ita za ta shiga da shi garin Kankiya a kanta. Ta naɗa gammo ta ɗora. Da hantsi ya ɗaga, rana ta bugi akwatin, fentin ya saki. Ya jiƙa gammo, ya ratsa kallabi, ya gauraya da gumi ya gangaro mata a goshi. Ita tana ji kamar gumi ne, tana sharewa da bayan hannu, hannun kuma dama ya riga ya kwashi nasa wajen riƙon akwati. Tana gaba, sauran suna biye, babu mai ganin fuskarta. Sai a bakin gari wata ta sha gabanta ta gani, ta yi salati. Suka nemi ruwa a wani gida aka wanke, ruwan bai yi komai ba sai ƙara baza shi. Komawa kuma ba ta yiwuwa, an san da zuwansu, an yi girki.

Haka ta yi sallama ta shiga tsakar gida cike da mata, daga goshi har haɓa kore. Aka sauke akwatin a kan sabuwar tabarma. Da aka zo buɗewa murfin ya manne, sai da aka sa wuƙa. Farin zanen ya biyo murfin sama, da aka ɓamɓaro shi rabinsa ya rine. Atamfar da ke gefe ta kama, ta ƙasa ma ta kama. Sai wata ƙanwar mahaifin amarya, wadda dama ta fi so a ba ɗan wani attajiri, ta ce a dakata kada kowa ya ƙara taɓa kayan. Ta ce gidan malamai ne, wa ya san abin da aka haɗa aka shafa, in kuwa ba asiri ba ne to raini ne, kuma yaron da bai san ɗanye da busasshe ba ta yaya zai riƙe musu yarinya. Har an fara maganar a mayar da murfi a ɗora musu kayansu.

Nan Goggo ta gyara zama ta dubi matar.

"Ke 'yar'uwa, wane asiri? Fenti ne na Turawa. Yaron nan ya ce mani a bari ya bushe, a kawo kayan cikin kwando. Ni na ƙi. Tsohuwa ce ta ga sabon abu ta rasa haƙuri. In akwai mai laifi ga ta nan gabanku, ai kun ga an ma yi mata alama."

Ta nuna goshinta. Wata tsohuwa ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Wata ta ce kai, mutanen Kusada, har kwalliyar ranar lefe daban take. Wata ta ce a ba Goggo Tsanwa ruwa ta sha, ta sha rana. Goggo ta taya su dariya, ta karɓi ruwan, ta bar shatin yatsunta a jikin ƙwarya, aka sake kwashewa. Aka karɓi lefe, aka ba da tukwici.

Ina zaune a zaure bayan la'asar suka dawo. Na ɗaga kai na ga fuskar yayar mahaifina, matar da ko mahaifina ba ya haɗa ido da ita in tana magana, an dama mata kore da ƙura, yaran unguwa suna biye. Ta dube ni ta ce an karɓa, ta wuce. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na iske ta a ƙofar ɗaki, Inna tana tsefe mata kitso tana cuɗa gashin da toka da sabulun salo. 'Yan rakiya suka gaya mini abin da ta faɗa a can. Na durƙusa na ce gobe zan tafi Kankiya in gaya musu ni na yi kuskuren, ban taɓa cewa a jira ba.

"Ka tahi ka ce masu mi? Ka ce goggonka maƙaryaciya ce?"

Ta ce in tashi in ba su wuri, ba a tsayawa kan mace ana yi mata tsifa. Na tashi. A ranar na naɗe zarto da guduma cikin tsumma na cusa su saman azarar zaure. Mahaifina ya daɗe bai tambaye ni ko da gyaran allo ba, kuma na gane.

Fentin ya daɗe a gefen gashinta da cikin farcenta, har aka ci kasuwa aka gani. Sunan ya biyo ta daga Kankiya ya zauna. Ranar ɗaurin aure da shi 'yan kawo amarya suka yi mata sallama. Ranar sunan babbanku ma haka. Yara suka taso ba su san tana da wani suna ba, ita kuma tana amsawa kamar da shi aka yanka mata rago. Duk lokacin da na ji an kira shi sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi a baya. Na sha roƙon Allah ya rubuta mata maganar da ta yi a cikin gyara tsakanin mutane, kada ya kama ta da ita saboda ni.

Ban ɓoye wa mahaifiyarku ba, na gaya mata tun tana amarya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai mahaifinta ya sani tun ranar. Da ya dawo aiki ya sunkuya ya sunsuna tabarmar, ya ce man gyaɗa ne, kuma ba tsohuwa ce ta zuba shi ba. Ƙanwarsa ta ce to ai ga hujja. Ya ce a'a, gidan da ke da tsohuwa irin wannan can zai kai 'yarsa. Wannan labari bai rage mini kunya ba, ƙara ta ya yi, domin daga ranar ba na iya gaishe da surukina ba tare da na tuna ya sani ba. Farin zanen kuwa mahaifiyarku ta wanke ya ƙi fita, ta kai marina aka rine shi baƙi, ta ɗaura ta je gaishe da Goggo. Goggo ta kama gefensa ta murza, ta ce zaren dai bai canza ba. Akwatin bai taɓa bushewa ba. Ya yi ta kwasar ƙura da gashin kaji da tururuwa, har ya koma ma'ajin daddawa a bayan rumbu.

Shekaru suka wuce, kuna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya nakan durƙusa a gaban asabarin Goggo in gaishe ta, idona a ƙasa don kada in ga asabarin. Ba ta taɓa tuna mini alkawarin ba. Ni ma ban manta ba, amma in na tuna zarto sai in tuna fuskar nan, in fasa. Na yi ta gaya wa kaina babu katako. Gaskiya ne babu, amma ban nema ba.

Sai wata damina aka yi ruwa mai iska daga gabas, ya ɗage asabarin ya shiga ɗakin Goggo, ya jiƙa shimfiɗarta da audugarta. Ta kwanta da tari, har muka fara jin tsoro. Mahaifiyarku tana dama mata kunu ta ce mini, ba tare da ta ɗaga murya ba, kunyar da nake ji ba ta tare wa Goggo ruwa, kuma in ta tafi a haka wa zan mayar wa ƙofar. Bayan kwana kaɗan mahaifiyarku ta nemi izini ta je gidansu. Ta dawo da jaki ɗauke da tsofaffin katakai da aka cire daga barikin Kankiya wajen gyara, mahaifinta ya roƙa aka bar masa. Da sauran fenti a gwangwani, da kananzir a 'yar kwalba, da saƙon mahaifin nata ta bakinta: a ɗiga kananzir kaɗan, a shafa siriri, a bar shi inda iska ke bi, kada a yi gaggawa. Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba, Allah ya saka masa.

Na sauko da zarto, ya yi tsatsa, na goge da toka. Wannan karon na auna ƙofar da igiya na sake aunawa kafin in yanka. Goggo ta sami sauƙi, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya tana kallona, tana cewa layin nan ya karkace, ƙusar nan ta leƙo. Na buɗe gwangwanin a ɓoye na ga kore ne, irin na ƙofofin gwamnati, na mayar na rufe na tura shi bayan itace. Na yi niyyar barin ƙyauren haka nan ba fenti. Ashe ta gani. Ta tambaye ni wane launi ne a ciki. Na ci gaba da buga ƙusa. Ta sake tambaya, na ce tsanwa ne, Goggo.

"To shi za ka shafa. Shekara da shekaru ina amsa suna, ba ni da abin nunawa."

Na shafa yadda aka ce. Na jingine shi a rumfa inda iska ke ratsawa, na bar shi ya daɗe fiye da yadda ake bukata, har mahaifiyarku ta fara tambaya ko sai an yi kaka. Sa'an nan na kafa shi.

Goggo ta ƙi shiga da safe. Ta ce a bari rana ta buge shi tukuna. Da hantsi ya yi zafi, ƙyauren ya ɗauki rana har ba ya taɓuwa, ta taso da sandarta, matan gida suna tsaye. Ta kama gefen farin mayafinta ta danna a jikin katakon da tafin hannu, ta riƙe, ta daɗe. Ni dai ina durƙushe, ban iya kallo ba. Ta ɗaga mayafin ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta nuna wa Inna. Fari fat.

"Babana, ka maido. Babu sauran komi tsakanina da kai."

Na ce, sunan fa, Goggo?

"Ƙofa na ba ka aro. Suna ni na ɗauko abina da kaina. Matsa mani in ji yadda ake rufe ɗaki."

Na ja baya. Ta shiga, ta tura ƙyauren a hankali har ya haɗu da bango, muka ji ta sa sakata.